Tasirin Yawan Cibiyoyin Furosesa a kan Gudun Wasannin Kwamfuta

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci dangantakar da ke tsakanin yawan cibiyoyin furosesa da gudun wasannin kwamfuta. An yi amfani da ƙa'idar Amdahl wajen lissafa iyakar ribar da ƙarin cibiya ke iya kawowa, sannan aka auna sakamakon lissafin da furosesoshin da kamfanonin Intel da AMD suka fitar tsakanin 2005 da 2024. Maƙalar ta nuna cewa akwai adadin cibiyoyin da wasa ke buƙata kafin ya gudu lami lafiya, kuma da zarar an cika wannan adadi, saurin cibiya guda da kusancin bayanai gare ta ne ke yanke hukunci.

1.0 Gabatarwa

Furosesa ita ce sashen kwamfuta da ke karanta umarni tana zartarwa. A cikinta akwai cibiyoyi, kowace cibiya tana iya gudanar da nata jerin umarnin ba tare da ta jira 'yar'uwarta ba. Irin wannan jerin umarni da ake bi ɗaya bayan ɗaya shi ake kira zare a wannan maƙala. Hoto guda da wasa ke nunawa a allo kuwa shi ne firam, kuma ana auna gudun wasa da yawan firam a sakan, ko kuma da lokacin da kowane firam ya ci kafin ya fito.

Kafin 2005 kusan kowace kwamfutar gida cibiya ɗaya gare ta. A yau ana sayar da furosesa mai cibiyoyi 16 ko 24 ga mai amfanin gida, kuma wannan adadi shi ne abin da talla ta fi ɗagawa, domin lamba ce mai sauƙin kwatantawa. Daga nan ne aka samu fahimtar da ta yaɗu cewa ninka cibiyoyi na nufin ninka gudu. Manufar wannan maƙala ita ce ta binciki gaskiyar wannan fahimta game da wasanni kaɗai, ta fayyace inda ƙarin cibiya ke biya da inda yake zama asarar kuɗi, ta kuma bayyana dalilin da ya sa iyakar take matsawa daga zamani zuwa zamani.

2.0 Bitar Ra'ayoyin Magabata

Moore (1965) ya lura cewa yawan taransistocin da ake iya cusawa a guntun siliki yana ninkuwa a kai a kai. Dennard da abokan aikinsa (1974) suka ƙara da cewa idan taransista ta ƙanƙance, wutar da take sha ma takan ragu daidai gwargwado, don haka ana iya ƙara saurin bugun furosesa ba tare da zafi ya fi ƙarfin na'ura ba. Kimanin shekara talatin masana'antar ta rayu a kan wannan. A tsakiyar shekarun 2000 lissafin ya rushe, saboda ba a iya ci gaba da rage ƙarfin wutar da ake ba taransista, ga kuma yoyon wuta da ke ƙaruwa. Pentium 4 ta tsaya a gigahaz 3.8, kuma a 2004 Intel ta soke furosesar da aka yi wa laƙabi da Tejas, wadda aka shirya za ta gaje ta. A 2005 Pentium D da Athlon 64 X2 suka fito da cibiyoyi biyu-biyu. A shekarar ce Sutter (2005) ya gargaɗi masu rubuta manhaja cewa zamanin samun ƙarin gudu a ɓagas ya wuce, duk mai son sauri sai ya koyi raba aiki. Abin lura a nan shi ne, zafi ne ya tilasta wa masana'antar bin hanyar cibiyoyi da yawa, masu wasanni ba su roƙa ba.

Tun kafin wannan, Amdahl (1967) ya riga ya nuna iyakar raba aiki. A ganinsa, kowane aiki yana da kason da ake iya rabawa da kason da dole a bi shi a jere, kuma wannan kaso na biyu shi ke ƙayyade ribar da za a samu komai yawan na'urorin da aka tara. Gustafson (1988) ya ƙalubalanci yadda ake fassara wannan ƙa'ida. Hujjarsa ita ce, mai na'ura babba ba ya maimaita ƙaramin aikin jiya, aikin yake faɗaɗawa, kuma kason da ke faɗaɗa yawanci mai rabuwa ne. Hill da Marty (2008) sun ɗora ƙa'idar Amdahl a kan furosesa mai cibiyoyi da yawa, inda suka nuna cewa haɗa cibiya mai ƙarfi da ƙananan cibiyoyi na iya fin tara cibiyoyi masu girma ɗaya amfani.

Ta fuskar awo, Wasson (2011) a mujallar The Tech Report ya nuna cewa matsakaicin firam a sakan yana ɓoye aibu. Wasa na iya ba da firam 60 a sakan a matsakaici, alhali a cikin sakan ɗin akwai firam guda da ya ci milisakan 100, wanda mai wasa zai gani a matsayin ɗingishi. Daga wannan aiki ne al'adar duba kashi ɗaya cikin ɗari na firam mafi jinkiri ta samu gindin zama.

Ana yawan gabatar da Amdahl da Gustafson kamar masu saɓani. Matsayin wannan maƙala shi ne kowannensu yana da fagensa a harkar wasanni: a cikin wasa guda da aka riga aka rubuta, maganar Amdahl ce ke aiki, tsakanin wani zamanin wasanni da na bayansa kuwa, ta Gustafson ce.

3.0 Hanyar Gudanar da Bincike

An bi hanyoyi biyu. Ta farko lissafi ce: an ɗauki firam na misali, aka raba aikinsa gida biyu, aka lissafa lokacinsa a kan adadin cibiyoyi daban-daban bisa ƙa'idar Amdahl, wato riba = 1 ÷ [(1 − p) + p/n], inda p ke wakiltar kason da ke rabuwa, n kuma yawan cibiyoyi. Lambobin wannan sashe na misali ne, an zaɓe su don fito da siffar dangantakar. Ta biyu kwatance ce: an zaɓi furosesoshin da suka fito kasuwa waɗanda suka yi tarayya a yawancin siffofi suka bambanta a ɗaya ko biyu, domin a ware tasirin yawan cibiyoyi daga tasirin saurin bugu, tsarin gini da girman ma'ajiyar kusa, wato ƙaramar ma'ajiyar bayanai da ke cikin furosesa. An taƙaita nazarin ga kwamfutar tebur.

4.0 Nazari

4.1 Yadda Ake Gina Firam

Kafin firam ya bayyana, furosesa takan karanta abin da mai wasa ya danna, ta sabunta halin duniyar wasan, ta lissafa motsi da karo da shawarar abokan gaba, ta tantance abin da ido zai gani, sannan ta shirya umarnin zane ta miƙa wa katin hoto. Katin hoto ne ke cika ɗigogin allo. Yayin da yake zana wannan firam, furosesa tana shirya na gaba, don haka wanda ya fi jinkiri a cikinsu shi ke ƙayyade gudu. Mai son firam 60 a sakan yana da milisakan 16.7 ga kowane firam. A 144 lokacin ya koma 6.9, a 240 kuma 4.2.

Matakan nan suna dogara da juna. Ba a lissafa karo sai an san inda kowa ya tsaya, ba a tantance abin gani sai an gama motsi. Kamar tuƙa tuwo ne: mata goma na iya raba tankaɗe da gyaran kayan miya, amma yawansu ba zai sa ruwa ya tafasa da wuri ba, kuma ba a talge sai ya tafasa. A injinan wasa da yawa, ciki har da Unreal Engine, akwai babban zaren wasa da zaren zane, sai ƙananan ayyuka da ake watsa wa sauran cibiyoyi. Zaren da ya fi tsawo shi ne tarnaƙin firam.

4.2 Abin da Lissafi Ya Nuna

A ƙaddara firam yana buƙatar aikin milisakan 20 a kan cibiya guda, 8 daga ciki dole a bi su a jere, 12 kuma suna rabuwa. A cibiya ɗaya ana samun firam 50 a sakan. A cibiyoyi biyu lokacin ya sauko zuwa milisakan 14, wato firam 71. A huɗu, milisakan 11, firam 91. A shida, milisakan 10, firam 100. A takwas, milisakan 9.5, firam 105. A goma sha shida, milisakan 8.75, firam 114. Cibiya ta biyu ita kaɗai ta kawo ƙarin firam 21, amma cibiyoyi takwas da aka ƙara daga 8 zuwa 16 tara kawai suka kawo gaba ɗayansu. Ko da an tara cibiyoyi dubu, ba za a wuce firam 125 ba, domin milisakan 8 ɗin nan ba sa motsi.

Idan kuma aka bar cibiyoyin a shida, aka ƙara wa kowace sauri da kashi 20 cikin ɗari, lokacin firam zai koma milisakan 8.33, wato firam 120. Furosesa mai cibiyoyi shida masu sauri ta wuce mai goma sha shida ke nan. Dalili a fili yake: saurin cibiya yana rage kason jere da kason rabo duka, ƙarin cibiya kuwa kason rabo kaɗai yake taɓawa. Wannan lissafi ma ya yi wa cibiyoyi da yawa rangwame, tunda bai sa lokacin da zaruruwa ke ɓatawa wajen jiran juna da musayar bayanai ba.

Sai batun katin hoto. Idan yana buƙatar milisakan 12 kafin ya zana firam, gudu ba zai wuce 83 ba, kuma furosesa mai huɗu da mai goma sha shida za su ba da sakamako ɗaya. Allon 1920 sau 1080 yana da ɗigo 2,073,600, na 3840 sau 2160 yana da 8,294,400, ninki huɗu cif. Wannan ƙari a wuyan katin hoto yake sauka, aikin furosesa kusan bai canza ba. Shi ya sa masu gwajin furosesa ke rage yawan ɗigo su sa kati mafi ƙarfi, al'adar da masu karatu kan soka da cewa ba haka ake wasa ba, alhali ita ce hanyar da ke hana kati ɓoye bambancin da ake nema.

4.3 Shaida daga Kasuwa

A 2011 AMD ta fitar da FX-8150 tana tallata ta da cibiyoyi takwas. A wasanni, Core i5-2500K ta Intel mai cibiyoyi huɗu ta riƙa wuce ta, saboda kowace cibiyar Intel tana zartar da umarni mafi yawa a bugu guda. Cibiyoyin FX biyu-biyu suke zaune, suna tarayya a sashen karɓar umarni da na lissafin lambobi masu ɓurɓushi. Har kotu maganar ta kai a jihar Kalifoniya ta Amurka kan ko ya dace a kira su takwas, kuma a 2019 AMD ta amince ta biya dala miliyan 12.1 don a sasanta.

Misalin da ya fi tsafta shi ne na Ryzen 3 3100 da Ryzen 3 3300X, waɗanda suka fito tare a 2020. Dukansu cibiyoyi huɗu da zaruruwa takwas gare su, tsarin gininsu ɗaya, jimillar ma'ajiyar kusa ta mataki na uku ma ɗaya ce, megabait 16. Bambancin shi ne a 3100 an raba cibiyoyin rukuni biyu, biyu a nan biyu a can, kowane rukuni da rabin ma'ajiyar, a 3300X kuwa duka huɗun suna rukuni guda suna cin ma'ajiya ɗaya. 3300X ta fi saurin bugu, amma ko da masu gwaji suka daidaita bugun, ta ci gaba da fin 'yar'uwarta a wasanni. Adadin bai canza ba, wurin zaman cibiyoyin ne ya canza.

Wannan ya kai mu ga ma'ajiyar kusa, wadda a ganin wannan maƙala ita ce abin da aka fi rainawa a muhawarar. Ɗauko bayani daga babbar ma'ajiya, wato ram, yana cin nanosakan 60 zuwa 80. Ga cibiyar da ke bugu sau biliyan biyar a sakan, nanosakan 70 daidai yake da bugu 350 na zaman jira. Ɗauko shi daga ma'ajiyar kusa ta mataki na uku kuwa bai fi kimanin nanosakan goma ba. Wasanni suna yawan tsalle a cikin bayanai, daga wannan abu zuwa wancan, ta yadda furosesa ba ta iya hasashen abin da za a nema gaba, don haka babban zare yakan ɓata kaso mai tsoka na lokacinsa yana jira. A Afrilun 2022 AMD ta fitar da Ryzen 7 5800X3D, inda ta ɗora ƙarin megabait 64 a kan 32 na asali, jimilla 96, har ta rage ƙololuwar bugu daga gigahaz 4.7 zuwa 4.5. Da cibiyoyinta takwas da farashin dala 449, ta wuce Ryzen 9 5950X mai cibiyoyi 16, wadda aka fitar a kan dala 799, a matsakaicin gwajin wasanni. Ryzen 7 7800X3D ta 2023 da 9800X3D ta 2024 sun bi wannan sahu, duka da cibiyoyi takwas.

AMD da kanta ta tabbatar da batun a aikace. Threadripper 1950X ta 2017 mai cibiyoyi 16 ta zo da yanayin wasa wanda aikinsa shi ne kashe rabin cibiyoyin. Ryzen 9 7950X3D ma, da manhaja ta gane an buɗe wasa, takan kwantar da rukunin da ba shi da ƙarin ma'ajiya, ta tattara zaruruwan a kan takwas ɗin da ke da ita. Mai saye ya biya kuɗin goma sha shida, amma da takwas yake wasa.

4.4 Ƙarancin Cibiyoyi da Matsawar Iyaka

Duk wannan ba ya nufin adadi ba shi da muhimmanci. Idan zaruruwan da ke neman aiki a lokaci guda suka fi cibiyoyi yawa, tsarin Windows zai riƙa sauke wani ya ɗora wani, kuma duk sanda abin ya faɗa kan babban zare, firam ɗin zai makara. Illar takan bayyana a firam mafi jinkiri tun kafin ta taɓa matsakaici, abin da awon Wasson ke kamawa. A 2014 Far Cry 4 ya ƙi buɗewa sam a kan furosesa mai cibiyoyi biyu da zaruruwa biyu.

Iyakar tana matsawa, kuma a nan ne hujjar Gustafson ke shigowa. Yawancin manyan wasanni ana tsara su ne da na'urorin wasa na talabijin a zuciya. PlayStation 4 da Xbox One na 2013 sun zo da cibiyoyi takwas raunana, masu bugun gigahaz 1.6 da 1.75. Ba yadda za a yi wasa ya gudu a kansu da zare ɗaya, sai masu gini suka koma yanka aiki ƙanana-ƙanana suna watsa wa duk cibiyar da ta sami sarari. Gyrling (2015) ya bayyana yadda kamfanin Naughty Dog ya bi wannan hanya har ya kai The Last of Us Remastered ga firam 60. A ɓangaren kwamfuta, DirectX 11 yana tura yawancin umarnin zane ta zare guda. Mantle na AMD a 2013, DirectX 12 a 2015 da Vulkan a 2016 suka ba da damar shirya umarnin a kan cibiyoyi da yawa lokaci ɗaya. Ryzen 7 1800X ta kawo cikakkun cibiyoyi takwas ga mai amfanin gida a Maris 2017, kuma kafin shekarar ta ƙare Intel, wadda ta daɗe a kan huɗu, ta fitar da Core i7-8700K mai shida. PlayStation 5 da Xbox Series X na 2020 sun riƙe takwas amma masu ƙarfi sosai. A 2022 ƙidayar dandalin Steam ta nuna masu cibiyoyi shida sun zarce masu huɗu.

Tunda na'urorin wasa na talabijin na wannan zamani a takwas suka tsaya, kuma sukan keɓe wani kaso don tsarin gudanarwarsu, mai gina wasa ba shi da ƙwarin gwiwar tsara aikin da sai da goma sha biyu zai gudu.

4.5 Cibiyoyi Iri-Iri

Lambar da ke jikin kwali ta daina nufin abu ɗaya. Tun 2002 Intel ta kawo dabarar ɗora zaruruwa biyu a cibiya guda, wadda ke cike gurbin jira amma ba ta kai cibiya ta biyu ba. Amfaninta ya fi fitowa inda cibiyoyi suka yi kaɗan. Gyaran 1.05 na Cyberpunk 2077, a Disambar 2020, ya kunna irinta ta AMD ga Ryzen masu cibiyoyi huɗu da shida, ya bar masu 8, 12 da 16 yadda suke. A 2024 Intel ta cire dabarar gaba ɗaya daga Core Ultra 9 285K.

Daga 2021 kuma Intel ta ɗauki tsari irin wanda Hill da Marty suka tattauna. Core i9-12900K tana da manyan cibiyoyi takwas da ƙanana takwas, i9-13900K kuma takwas da goma sha shida. Ana tallata ta biyun da 24, amma manyan, waɗanda babban zare ke buƙata, ba su ƙaru ba. Farkon fitowar tsarin har wasu wasanni sun ƙi tashi, saboda manhajar hana satar fasaha ta ɗauka kwamfuta biyu take gani, sai da aka tanadi hanyar kwantar da ƙananan cibiyoyin da maɓalli guda kafin gyara ya iso.

4.6 Inda Yawa Ke Biya

Akwai ayyukan da kusan dukansu ke rabuwa. Harhaɗa umarnin inuwa da haske da wasu wasanni ke yi a buɗewar farko, kamar The Last of Us Part I na 2023, yana cinye duk cibiyar da ya samu. Haka warware fayilolin da aka matse, da naɗar bidiyo ko watsa wasa kai tsaye idan furosesa aka ɗora wa aikin, ko da yake katunan hoto na yanzu suna da sashen da ke ɗauke wannan nauyi. Wasannin gina birni irin su Cities: Skylines II ma suna cin cibiyoyi da yawa. Amma ba duk wasannin da ke kwaikwayon zahiri ne haka ba: Microsoft Flight Simulator na 2020 ya shahara da maƙalewa a babban zare.

5.0 Abin da Ya Shafi Mai Saye

Batun yana da nauyi na musamman a kasuwannin da kwamfutar gwanjo ta fi yawa, irin namu. Tsofaffin furosesoshin Xeon da aka sauke daga manyan ma'aikatu suna zuwa da araha da lamba mai ɗaukar ido. Xeon E5-2670 ta 2012, alal misali, cibiyoyi takwas gare ta, amma bugunta daga gigahaz 2.6 zuwa 3.3 ne, a kan tsarin gini na shekaru goma sha da suka wuce, tana kuma shan wat 115, abin dubawa ga mai dogaro da janareta ko sola a ƙasa mai zafi. Core i3-12100 ta 2022, da cibiyoyinta huɗu da bugun da ke kaiwa 4.3, ta fi ta gudu a yawancin wasanni. Kwatanta adadi ba ya da ma'ana sai tsakanin furosesoshi 'yan zamani ɗaya masu tsari ɗaya.

Ga wanda wasa kaɗai ya sa gaba, cibiyoyi huɗu na zamani masu zaruruwa takwas suna gudanar da wasanni da yawa amma sun fara ɗingishi a manyan wasannin baya-bayan nan, shida sun wadatar, takwas masu babbar ma'ajiyar kusa su ne ƙololuwa a yanzu. Kuɗin da zai tafi kan cibiya ta tara zuwa sama ya fi amfani idan aka sa shi a katin hoto.